Wata Biyar Ina Riƙe Da Wayar Honorabul

Ina zaune a shagon wani abokina mai cajin waya a Birnin Kebbi muna kallon ƙwallo, sai yayana, ɗan wan mahaifina, ya bugo ya ce in same shi gidan Honorabul bayan isha'i, kuma kada in manta da kwamfutata. Farkon watan Oktoba ne na 2022. Honorabul ɗin nan ko kansila bai taɓa ci ba, amma a ƙasar nan da ka sayi fom ka buga fosta, sunan ya kama ka. Ya samu tikitin takarar majalisar dokokin jiha a mazaɓarmu ta asali, can ƙasar fadama inda shinkafa da kifi suke riƙe da mutane. Sunansa da na jam'iyyarsa da na mazaɓar duk zan bar su a cikina. Kujeru 24 ne a majalisar Kebbi, mai son bin diddigi ga fili ga mai doki.

Na tarar da falon cike, wasu a kujera wasu a ƙasa, kowa da hularsa a goshi yana jiran a sallame shi. Da layi ya zo kaina na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai na yaron da anka ce ya iya Facebook?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ina ɗan taɓawa."

Ya ɗaga wayarsa ya nuna mini. "Dubi nan. Mutanen wancan sun cika waya da zagina. So nike in na buɗe waya in ga kaina, ba su ba."

A daren ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Sai da aka yi nisa na gane cewa ya faɗa mini ainihin aikin da aka ɗauke ni, ba tare da ya sani ba. Aka ba ni sabuwar waya, aka yanka mini naira dubu 30 a wata, aka ce in nemo yara, su kuma za a riƙa saka musu data duk mako. Na gama karatu shekara biyu ke nan ba aikin fari ba na baƙi, saboda haka ban tsaya ciniki ba.

Hukumar zaɓe ta sa 12 ga Oktoba a matsayin ranar da masu neman gwamna da majalisar jiha za su fara kamfe, don dokar zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 kafin ranar ƙuri'a. Kafin ranar na buɗe shafi, na tara yara goma sha biyu a zaure guda na WhatsApp, yawancinsu ɗalibai da waɗanda suka gama suna zaman jiran tsammani kamar ni. Mutanen gari suna kiran irinmu 'yan data, kuma ba su yi ƙarya ba. Tsarin mai sauƙi ne. Da asuba in rubuta abin da za a faɗa a ranar, in haɗa shi da hoton Honorabul yana gaisawa da wani dattijo ko yana duba wata rijiya, in tura zaure. Kowa ya ɗauka ya ɗora a shafinsa, sannan mu bi juna muna sharhi muna yabo. Kowane yaro yana da shafi biyu ko uku, wani da sunan mace da hoton fure. Wata rana na ƙirga sharhi arba'in a ƙarƙashin rubutu guda, na tarar talatin da ɗaya namu ne, shida na yaran wancan ɓangaren ne suna zaginmu, sauran ukun kuma masu neman taimakon kuɗin magani.

Amma Honorabul yana buɗe waya yana ganin kansa. Ya kan kira ni da tsakar dare ya ce, "Yaro, aiki na kyau." Darakta, wato shugaban kwamitin kamfe, ya fara gaishe ni da hannu biyu.

Mun so mu biya Facebook ya yaɗa mana talla, nan ma muka sha fama. Kamfanin ba ya barin tallar siyasa sai ka tura shaidar ko kai wane ne, kuma sai an rubuta wanda ya biya a jikin tallar. Ga shi a lokacin katin banki na naira ya kusa daina aiki wajen biyan abin da ake biya da dala. Sai da muka bi ta hannun wani ɗan garinmu da ke Abuja mai katin dala. Twitter kuwa ban ma wahalar da kaina ba. Gwamnatin tarayya ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a iya sanina ba wanda ya rasa barci a mazaɓarmu saboda haka.

Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne ranar da na zauna na duba inda masu bin shafinmu suke. Birnin Kebbi, Sakkwato, Abuja, Kano, Legas. Kusan duka maza, kusan duka matasa. Da yawansu 'yan mazaɓar ne a jini, amma katin zaɓensu na can inda suke zaune, ko kuma ba su da shi sam. Taron tsintsiya ba shara. Na faɗa wa Darakta, ya ce in bar wannan magana a tsakaninmu, kada in ɓata wa Oga rai.

A watan Disamba na bi tawaga zuwa wani ƙauye ranar kasuwa. Ana can ana jawabi ni kuma na zagaya ina tambayar mutane ko sun taɓa ganin shafinmu. Wani ya ce wayarsa ba ta hoto. Wani ya ce ɗansa ne ke da irin wannan, yana Legas yana acaba. Daga ƙarshe na je gaida shugabar mata ta gundumar, wata dattijuwa da ta san mahaifiyata tun suna 'yan mata. Ta saurare ni har na gama bayanin shafi da mabiya, sannan ta yi dariya.

Ta ce, "Ɗana, mu nan ba mu karanta waya. Saurarenta muke yi."

Ta ciro wata ƙaramar waya mai maɓallai daga ƙugunta, ta danna, sai ga waƙar abokin hamayyarmu tana tashi, kiɗa kamar gidan biki. Na ce, "Inna, ke da kike tamu, ina kika samo wannan?" Ta ce wurin mai caji. Duk wadda ta aika da wayarta caji, ko ta ba da memori a zuba mata wa'azi da waƙoƙin biki, da wannan waƙar take dawowa. Ba wanda ya tambaye ta ko tana so.

Ni da nake wuni a shagon mai caji, ban taɓa kawo wannan a raina ba. A ƙauyen da babu wutar lantarki, rumfar mai caji ita ce gidan rediyo, ita ce gidan jarida. Wayoyin gari kaf suna kwana a teburinsa, har na matan kulle waɗanda ba ɗan siyasar da zai taɓa ganin fuskarsu. Shi ne mai janareto ko sola, shi ne mai tsohuwar kwamfuta cike da finafinai, shi ne wanda yake hawa tudu ya samo sabis ya sauko da sabon abu, daga nan kuma abin ya bi ta Xender da Bluetooth daga waya zuwa waya ba tare da an kashe ko sisi na data ba. Intanet ɗin tana isa ƙauye, amma a kan babur take ƙarasawa.

Daga ranar na juya akalar aikin. Na bar yara huɗu a Facebook don Honorabul ya ci gaba da ganin kansa, sauran na raba su gunduma gunduma. Muka bi masu caji ɗaya bayan ɗaya, muka yi ciniki da su, wasu suka ce ai sun riga sun karɓi na wancan, muka ce ba laifi, a zuba duka biyu. Muka buɗe wa kowace gunduma zaurenta na WhatsApp, muka ɗora ɗan garin a kai, wanda aka san gidansu. Rubutu kuma muka rage shi ƙwarai, muka koma saƙon murya.

Saƙon murya yana da ƙa'idojinsa, kuma da kuskure na koye su. Kada ya wuce minti biyu, don in ya yi nauyi ba zai sauka ba a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. A fara da sallama da ambaton sunan garin, da gaisuwa ga hakimi da liman, in ba haka ba a ce yaron nan ba shi da tarbiyya. Kada a sa Hausar rediyo, a yi maganar da ake yi a bakin kasuwa. Wanda na fara yi da muryata aka dawo mini da shi ana dariya, wai na yi kamar mai karanta labarun duniya. Muka koma sa Honorabul da kansa ya yi magana, ni kuma in yanke tari da maimaici. Akwai garuruwan da muka nemo mai Zabarmanci, akwai rugagen da sai da Fulatanci. WhatsApp ba ya barin ka tura saƙo guda wa fiye da wuri biyar a lokaci ɗaya, saboda haka yaran nan sun sha dannawa har yatsa ya yi tsami.

A cikin duk abin da muka yi, wanda nake iya ɗaga kai in faɗa shi ne na katin zaɓe. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙara rumfuna, suka kai 176,846 a faɗin ƙasa, kuma an samu mutanen da aka mayar da sunansu wata rumfa ba su sani ba. Muka ce duk mai shakka ya turo hoton katinsa, mu duba masa a shafin hukumar mu faɗa masa inda zai je. An ƙara wa'adin karɓar kati har zuwa 5 ga Fabrairun 2023, muka yi ta shela muna faɗin inda ake rabawa. Sannan ga takardar ƙuri'a: babu sunan ɗan takara a jikinta, babu hotonsa, alamar jam'iyya ce kawai. Wata biyu muna tallar fuskar mutum, ashe ranar zaɓe ba za a ga fuskar ba. Muka zana takardar a kwali, muka samo shuɗin wanki a madadin tawada, ƙanwar wani yaronmu ta zauna a tabarma tana nuna yadda ake dangwalawa a cikin akwatin alama ba a kan layi ba, da yadda ake naɗe takardar don kada tawada ta shafi wata jam'iyya ƙuri'a ta lalace. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Har mutanen wancan ɓangaren sun yi amfani da shi, sun dai rufe alamarmu da tasu.

Sai canjin kuɗi ya zo ya birkita komai. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ƙarshen Janairu a matsayin wa'adin tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su. Wanda bai ga Birnin Kebbi a wannan watan ba, ba zai gane ba. Mutum da kuɗinsa a banki yana kwana a layi, mai POS ya zama sarki. Ga tsadar mai. Taron kamfe ya ragu, don ba a tara jama'a da alƙawarin tiransifa. 'Yan siyasa suka koma taliya da atamfa da sabulu. Mu 'yan data ne kaɗai ba mu ji a jikinmu ba sosai, tunda data daga waya ake turo ta. Masu caji kuwa suka ce su tsaba suke so, sai da muka biya wasu da galan ɗin fetur. Nauyin kamfe gaba ɗaya ya dawo kan waya, ni kuma na wayi gari ana kira na cikin ɗakin da a da ko ƙofarsa ba na isa.

Zaɓen 25 ga Fabrairu ya girgiza kowa a jihar. Atiku Abubakar ne ya ci Kebbi a zaɓen shugaban ƙasa, sannan Adamu Aliero ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu, a kujerar sanatan Kebbi ta Tsakiya. Masu mulki suka tsorata, 'yan adawa suka ga ashe abin mai yiwuwa ne, kowane ɓangare ya zare. Ana cikin haka aka ɗage zaɓen jihohi daga 11 zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe. Mako guda ya faɗo mana daga sama, babu kuɗin taro, babu sabon abin faɗa, ga zullumi.

A cikin wannan makon ne Darakta ya kira ni mota, ya rufe gilashi, ya tura mini wani odiyo mai minti goma sha ɗaya. Wani ne ya naɗo jawabin abokin hamayyarmu a taron da ya yi da dattawan wani gari. Jawabi ne na yau da kullum, godiya da alƙawari. Amma a tsakiya akwai inda ya ce wai ana cewa mutanen bakin gulbi ba su da wayo, ƙullin gishiri da taliya biyu sun isa a saye su, shi kuwa ya ce ƙarya ne, ya san su, mutane ne masu mutunci.

Darakta ya ce, "Ka ji wurin nan? Cire farkon, cire ƙarshen."

Na ce, "Yallaɓai, ai ba haka ya ce ba."

Ya ce, "Muryarka ce ko tashi? Mu ba mu ƙara mishi ko harafi ba. Su wa ya san abin da sunka shirya muna?"

Zan so in ce na yi gardama mai tsawo. Ban yi ba. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne kada a gano ni ne, don na san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama masu rubutu da shi. Tsoron ɗan sanda na ji, ban ji na Allah ba. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu magana, dole ya yi masa aski. Aikin bai ɗauke ni minti biyar ba. Na yanke "ana cewa", na yanke "ƙarya ne", abin da ya rage daƙiƙa goma sha tara. Ban saka shi a zaurukanmu ba. Na ba wani yaro da ba a san shi da mu ba, ya kai wa masu caji biyu a garuruwan bakin ruwa, ya ce shi ma turo masa aka yi.

Kwana biyu tsakani, abin ya dawo mini ta hanya huɗu, da alamar nan ta kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da ya sha yawo. Wani ya ɗora masa hoton mutumin, wani ya haɗa da kiɗan tausayi. Yaranmu na Facebook, da ba su san daga inda ya fito ba, suka ɗauka da zuciya ɗaya suna rantsuwa. Mutanen wancan ɓangaren suka fito da cikakken jawabin, minti goma sha ɗaya cur, suna roƙon jama'a su saurara. Wa zai saurara? Wa ke da datar saukar da minti goma sha ɗaya, a garin da sai an hau tudu? Namu ya shiga kowace waya kamar ruwa, nasu ya tsaya a Birnin Kebbi wurin waɗanda dama sun san gaskiyar.

Ranar Laraba mahaifiyata ta kira ni. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa ita 'yar bakin gulbi ce. Mahaifinta Basarke ne, da taru da kwalekwale ya ciyar da su. Muryarta na rawa ta ce in ji abin da mutumin nan ya faɗa a kan iyayenta. Ta ce ta riga ta aika wa maƙwabciyarta, gwaggon mutumin, wadda suke zumunci shekara talatin, cewa kada ta sa ran ganin ta a bikin 'yarta.

Washegari na hau mota na tafi gida. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, na zauna a bakin tabarma na faɗa mata komai, na kunna mata cikakken jawabin. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Da hannunka?"

Na ce, "Da hannuna, Inna."

"Nawa anka ba ka?"

Na ce ba a ba ni komai a kansa ba, cikin aiki ne. Ta ce wannan ya fi muni. Ta ajiye faifan, ta ɗauki mayafinta, ta ce in tashi. Ta sa ni gaba har gidan maƙwabciyar, ta sa na maimaita abin da na faɗa mata a gaban matar da 'ya'yanta. Ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa kamar ranar ba. Matar ba ta zage ni ba, ta ce Allah ya shirya, ta kawo mana ruwa. A hanyar dawowa Inna ta ce gida guda ke nan na gyara, saura na sauran garuruwan, kuma magana zarar bunu ce, ita dai ba ta san yadda zan yi ba.

Ni ma ban sani ba. Na ce wa Darakta mu fitar da wani saƙo ko da a fakaice ne, ya dube ni kamar na zare. Na goge abin daga wayata, wanda bai rage komai ba. Ban ajiye aikin ba, kuma ban faɗa wa Honorabul ba. Har yau ban tabbatar wa kaina ko ya san da maganar ba.

A ƙa'ida kamfe yana tsayawa awa 24 kafin zaɓe. Lasifika ta yi shiru, motocin kiɗa suka shiga gida, amma a waya daren Juma'ar nan ya fi kowane dare hayaniya. Aka ce wane ya janye, aka ce an ga motar kuɗi a gidan wane, aka ce an kama wane. Ni dai na mayar da hankalina kan abin da na shirya wa ranar Asabar.

Mun kama wani ɗaki mai janareto a hedikwatar ƙaramar hukuma. Kowane ejan namu, wato wakilinmu a rumfar zaɓe, an ba shi data da lambata, an kuma koya masa abu guda: in an gama ƙirga, malamin zaɓe ya cike takardar sakamako ta rumfa, wadda ake kira EC8A, ya ɗauki hotonta a fili yadda kowane adadi zai fito, ya turo kafin ya bar wurin. Doka ta ba ejan kwafinsa, kuma hukumar zaɓe tana ɗora hoton takardar a shafinta na IReV, inda kowa zai iya gani. A zaɓen shugaban ƙasa shafin ya ba da kunya, amma a na jihohi ya fi motsi, sai muka riƙa gwada abin da ejan ya turo da abin da aka ɗora. Wasu hotunan sun zo a karkace, wasu da yatsa a kan adadi. Akwai ejan da ya yi tafiyar kusan rabin awa a babur kafin ya samu sabis. Akwai wanda ya turo mana hoton kansa a gaban akwati, yana murmushi, babu takarda.

Tun la'asar, ana kan layi a wasu rumfunan, sakamakon ƙarya ya fara yawo. Nasu ya ce sun share mu, namu ya ce mun share su. Darakta ya aiko a ce in ɗora "Alhamdulillahi mun lashe" a babban shafi. Wannan karon na ce sai lissafi ya cika, na kashe wayar da yake kira na da ita. Ina zaune ina shigar da adadi rumfa bayan rumfa, kafin sha biyun dare na ga inda aka dosa. An kayar da mu, ba da rata mai yawa ba, amma ba wadda za a ce kuskuren lissafi ne. A daidai lokacin yaranmu na Facebook suna ta taya Honorabul murna, har an fara kiransa zaɓaɓɓe.

Ni na kai masa kwamfutar. Yana zaune da waya a hannu yana karanta barka. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da takardu sunka nuna." Ya daɗe yana kallon allon. Ya duba wayarsa, ya sake duba allon. Sannan ya ce a kawo masa buta.

Da gari ya waye na koma kan rumfunan bakin gulbi, don ina son in san abin da daƙiƙa goma sha tara ɗin nan suka saya mana. Tun watan Disamba wani dattijon jam'iyya, wanda ko waya mai hoto ba ya riƙewa, ya zauna da mu ya lissafa garuruwan nan gida gida: gidan wane namu ne, gidan wane sun yi auratayya da wancan, wannan unguwa tana fushi saboda rabon taki. Na rubuta abin da ya faɗa a bayan wani littafi. Da na gwada da sakamakon, bambancin bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka ji haushin maganar yawancinsu namu ne dama. Nasu kuma suka ce sharri ne tun kafin su ji cikakken jawabin.

Zaɓen gwamna bai kammala a ranar ba, sai da aka sake a wasu rumfuna ranar 15 ga Afrilu, cikin azumi, aka bayyana Nasir Idris a matsayin wanda ya ci. Ni lokacin ina gida. Yarana kuwa tun kafin mako ya zagayo rabinsu sun samu sabon uban gida, shafukan masu sunan mata da hoton fure sun koma yabon wani. Honorabul ya bar mini wayar, ya cika mini kuɗin watan ƙarshe bayan sallah, ba ni da abin da zan ce a kansa ta wannan fuska. Babban shafin yana nan, rubutun ƙarshe a kansa na ranar Juma'ar jajibirin zaɓe ne. Zaurukan gundumomi ne suka ƙi mutuwa. An cire hoton Honorabul, yanzu a ciki ake faɗin farashin buhun shanshera, da sanarwar rasuwa, da cigiyar akuya, da labarin inda ruwa ya kai in gulbi ya cika. Har yanzu ni ne admin a uku daga ciki.

Da daminar da ta wuce na shiga mota daga Jega zuwa Birnin Kebbi. Hira ta gangaro kan 'yan siyasa da rashin kunyarsu, sai wani dattijo da ke gaba ya ce bari ya jiyar da mu wani abu. Ya lalubo wayarsa mai maɓallai, ya danna. Tun daga numfashin farko na gane shi, don na san daidai inda na sa wuƙa.

Na ce, "Baba, maganar nan yanke ta aka yi. Ba haka ya faɗa ba."

Ya juyo ya dube ni. "Kana wurin?"

Na ce ba na wurin, amma na ji cikakkiyar.

Ya ce, "Muryarshi ce ko ba muryarshi ba?"

Na ce, "Muryarshi ce."

Ya ce, "To." Ya ƙara sauti, ya miƙa wa direba wayar kusa da kunne, ya sake kunnawa.